Tashe da Dusashewar Wasannin Almarar Kimiyya a Talabijin na Arewa, da Rabon Ƙasar Tsanyawa a Ciki

Gabatarwa

A cikin watan Oktoba na shekarar 2013 gidan watsa labarai na BBC a Landan ya ba da sanarwa cewa an gano faya-fayan wani tsohon wasan talabijin nasa mai suna Doctor Who a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin da ke Jos. Kashi tara daga cikin abin da aka samu an daɗe da fid da rai da su a Ingila, gama BBC ta riga ta shafe nata tun shekaru masu yawa da suka wuce. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda aikinsa bin tsofaffin ma'ajiyoyin gidajen talabijin ne, shi ya tarar da gwangwanayen a kan kanta, ƙura ta rufe su. Cikin 1967 da 1968 aka fara nuna waɗannan sassa a Ingila. Kafin a gano su kashi 106 na wasan ne suka ɓata, bayan an gano su lissafin ya koma 97.

Mutanen Ingila sun yi murna da dawowar dukiyarsu. Amma ga mai nazarin tarihin Arewa labarin yana ta da waɗansu tambayoyi dabam: yaya aka yi irin wannan wasa ya iso Jos, su wane ne suka kalle shi, me kuma ya sa aka daina nuna irinsa har faya-fayansa suka zama kayan da ba wanda ya tuna da su?

Abin da a ke nufi da almarar kimiyya a cikin wannan takarda shi ne ƙagaggen labari wanda abin mamakin da ke cikinsa ya fito daga na'ura ko daga ilmin da ɗan Adam zai iya koyo, kamar tafiya duniyar wata cikin kumbo, ko mutum-mutumin ƙarfe mai magana, ko saduwa da halittun waɗansu duniyoyi. Tarihin wannan irin wasa a Arewa tarihin baƙo ne da aka sauke a zaure, aka karrama shi shekaru kamar ashirin, amma bai taɓa koyon harshen masu gida ba. Sa'ad da akwatin talabijin ya isa ƙauyuka irin na ƙasar Tsanyawa sosai, baƙon ya riga ya ɗaure kayansa.

Abin da baƙon ya tarar

Ƙasar Tsanyawa tana arewa maso yamma da birnin Kano, a kan hanyar Katsina, gaba da Bichi. Ƙasa ce ta manoma, gona manne da gona, ba a cika ganin jeji tsakanin wannan ƙauye da wancan ba. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne amfanin gonarta. Cikin garuruwanta akwai 'Yankamaye da Dumbulum da Gurun da Kabagiwa, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta sami mutanenta sun haura 150,000.

Mutanen irin wannan ƙasa ba baƙin sararin samaniya ba ne. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki da Zara, malaman hisabi kuwa suna lissafa wa jama'a shigar taurarin damina ɗaya bayan ɗaya, domin a san lokacin shuka da lokacin da ruwa zai yi ƙarfi. Wannan ilmi yana da tushe mai zurfi a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya yi suna har a Masar saboda littattafansa na lissafi da taurari.

Haka kuma labarin abin al'ajabi ba sabon abu ba ne gare su. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Dodo da su yara ke kwana, sa'an nan ga labarun Dare Dubu da Ɗaya. Gasar ƙaga labari da Rupert East ya shirya daga Zariya cikin 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu biyu cike da aljannu da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen da ba a taɓa gani ba. Cikin 1951 Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi sawunsu. Bambancin da ke tsakanin waɗannan da almarar kimiyya guda ɗaya ne, amma babba. A cikinsu aljani ko laya ko zobe ke ɗaukar mutum sama, ba kuwa wanda zai tambayi yadda zoben ke aiki. A almarar kimiyya na'ura ce ke ɗaukarsa, wadda wani ya zauna ya ƙera, saboda haka yaro yana da ikon tambaya: da me aka yi ta, me ta ke sha, ina a ke koyon ƙera ta?

Kafin talabijin, hoto mai motsi ya shiga karkara ta hanyar majigi. Motar hukuma kan iso ƙofar hakimi ko dagaci da yamma, a kafa farin ƙyalle, a ta da inji, gari duka ya hallara. A kan nuna labarin tsabta da rigakafi da zuba taki, ko wasa irin Baban Larai, wanda ya koyar da noman zamani. Abu ɗaya ya kamata a riƙe game da majigi, domin zai sake fitowa a gaba: kullum akwai mai fassara tsaye da lasifika, yana ba da bayani da Hausa, yana sa wa 'yan wasa magana a baki, yana ba jama'a dariya. Ko daga ina aka kawo faifan, da Hausa ya ke shiga kunnen mai kallo.

Zamanin kumbo

Ran 4 ga Oktoba 1957 Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Ran 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya zagaya duniya cikin kumbo. Wannan tsere na Rasha da Amurka ya zo daidai da samun mulkin kai na Nijeriya, sa'ad da a ke gina asibitoci da makarantu da masaƙu, mutane kuma suna ganin ba abin da zai gagari na'ura.

Kano ba ta tsaya a 'yar kallo ba cikin wannan al'amari. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta kafa tasha a bayan birnin, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da aka zagaya duniya da su don bin sawun kumbon shirin Mercury. A nahiyar Afirka Kano da Zanzibar aka zaɓa. Sa'ad da John Glenn ya zagaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi yana wucewa. Ran 23 ga Agusta 1963 kuma Shugaba Kennedy ya yi magana ta tarho da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta hanyar tauraron Syncom, karo na farko ke nan da shugabannin ƙasashe biyu suka gana ta wannan hanya. Kalmomi irin su kumbo da 'yan sama jannati da tauraron ɗan Adam, waɗanda rediyo da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo suka baza, suka zauna daram a bakin Bahaushe.

Cikin 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauke mutane a duniyar wata, kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba, wanda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya kai shi yawo cikin sararin samaniya. Masu nazarin adabi sun ɗauke shi a kan shi ne littafin almarar kimiyya na farko da Hausa. Ya nuna cewa harshen yana iya ɗaukar irin wannan labari ba tare da ya yi ɗingishi ba, kuma yaron da ya tashi da sallah da ladabin iyaye yana iya zama gwarzon tafiyar sama. Watau a ƙarshen shekarun 1960 akwai masu sauraro a shirye, akwai kalmomi, akwai kuma littafi guda da ya share hanya.

Shigowar talabijin

Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959. Na Jihar Gabas ya biyo baya cikin 1960. Gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI, ta kafa Kamfanin Watsa Labarai na Arewa, wanda ya fara aiki a Kaduna cikin watan Maris 1962, daga baya aka miƙa shirye-shiryensa zuwa Zariya da Kano.

Sabon gidan talabijin yana da wata yunwa da ba ta ƙoshi, watau sa'o'in da dole a cika kowane dare. Ɗakunan shirya wasa kaɗan ne, ma'aikatan da suka ƙware kaɗan ne, a farkon al'amari kuma kai tsaye a ke yin wasan gida, in an gama ya wuce ke nan. Faifan waje kuwa yana zuwa a shirye cikin gwangwani, da araha, gama masu shi sun riga sun mai da kuɗinsu a ƙasarsu. Yadda a ke cinikin shi ne a buga kwafi ɗaya a kan faifan majigi mai faɗin milimita 16, wannan tasha ta nuna, ta aika wa ta gaba, har ya ratsa ƙasashe da yawa. In ya isa tasha ta ƙarshe a kan umarce ta ta mayar ko ta lalata. Faya-fayan Jos sun tsira ne don ba a bi wannan umarni ba. Ta wannan hanya Doctor Who, wanda aka fara a Ingila ran 23 ga Nuwamba 1963, ya shigo Nijeriya tun cikin shekarun 1960.

Tashen abin ya zo ne da kuɗin man fetur. Cikin 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, gidaje da yawa a birane suka sayi akwatin talabijin karo na farko. A wannan shekara tashar Binuwai da Filato da ke Jos ta fara watsa hoto mai launi, ita ce ta farko a ƙasar. A tsakiyar waɗannan shekaru Kano da Sakkwato suka sami tashoshinsu, sa'an nan cikin 1977 gwamnatin soja ta tattara dukan tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda aka sani da NTA. Daga nan zuwa ƙarshen shekarun 1980 yaran birni sun tashi da kallon Doctor Who, da The Six Million Dollar Man, labarin wani ɗan sama jannati da aka sake wa gaɓoɓi da na ƙarfe, da The Incredible Hulk, labarin wani masani da gwajinsa ya juye masa, daga baya kuma zanen Voltron. Duka da Turanci a ke nuna su, ba mai fassara, ba rubutun Hausa a ƙasan hoto.

Rabon ƙasar Tsanyawa

Kafin mutum ya kalli talabijin sai abu uku sun haɗu: wutar lantarki, da kuɗin akwati, da isowar hoton tasha. A shekarun da a ke magana a kansu birni ne ya haɗa ukun. Ƙauye rediyo ya ke da ita, mai aiki da batir, wadda manomi ke ratayawa a kafaɗa ya tafi gona.

Ban da wannan, shekarun da birni ya yi ta wadaƙa su ne shekarun da karkarar Kano ta sha wuya. Farin da aka yi cikin 1973 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi. Cikin 1975, shekarar Udoji, cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin da manomi ke samun kuɗi da shi, dalar gyaɗa ta Kano kuma ba ta sake tashi kamar da ba. Mai gida da ke neman abin da zai kai iyalinsa kaka ba ya tunanin akwatin kallo. Wanda ya ga talabijin daga irin waɗannan garuruwa, galibi ɗan cin rani ne da ya leƙa ta tagar wani gida a Fagge ko Sabon Gari, ko ɗan makarantar kwana da a ke kunna musu daren Asabar.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin cike wannan rata da gidajen kallo na jama'a, inda a ke ajiye akwati ɗaya da janareta a tsakiyar gari, kamar yadda a ka saba da majigi. Tsarin mulki na 1979 ya mayar wa jihohi ikon mallakar gidan talabijin, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi kuma, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya kafa tashar CTV a Kano, wadda daga baya aka sa mata sunansa. Amma abin da ke tara jama'a a gaban akwatin gari shi ne abin da su ke ji. Kaduna tana da Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero, Jos tana da Karkuzu, Sakkwato tana da Idon Matambayi, Kano tana da Kuliya Manta Sabo da Bakan Gizo da Hadarin Ƙasa. Waɗannan labarin alƙali ne da kishiya da ɗan kasuwa da soja, abin da kowa ya sani. In aka sa wasan kumbo da Turanci, yara kan tsaya don ganin dodo da harbin wuta, manya su watse. Dalilin tafiyar, da bayanin na'urar, da gardamar da masana ke yi cikin labarin, watau ainihin abin da ya raba shi da tatsuniya, duk a cikin maganar su ke, maganar kuwa ba ta iso ba.

Dalilan ja da baya

Na farko, rijiyar da a ke ɗebowa ta ja baya a can inda ta ke. Almarar kimiyya ta fi kowane irin wasa tsada, domin kome sai an ƙera shi: ɗaki da tufafi da kumbo da halittu. Kamfanin NBC na Amurka ya dakatar da Star Trek cikin 1969 bayan kashi 79. Tafiyar Apollo ta ƙarshe zuwa wata an yi ta cikin Disamba 1972, ɗokin jama'a kuma ya kwanta. Sa'an nan faifan Star Wars na 1977 ya nuna wa masu kallo abin da kuɗin silima ke iya yi, har kumbon kwali na talabijin ya zama abin dariya. Battlestar Galactica, wanda ya yi ƙoƙarin kamo silima cikin 1978, kowane kashi nasa ya ci kusan dala miliyan ɗaya, shekara guda ya yi aka tsai da shi. BBC ta dakatar da Doctor Who cikin 1989, bayan shekara 26, bai dawo a kai a kai ba sai 2005. Waɗanda aka ci gaba da yi sai suka riƙa komawa tashoshin da a ke biya kafin a kalla.

Na biyu, kuɗi. Faifan waje da dala ko fam a ke sayensa. Farashin man fetur ya fara faɗuwa cikin 1981, gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu cikin 1982, gwamnatin Babangida kuma ta kawo shirin gyaran tattalin arziki cikin 1986. Cikin 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja kaɗan. Cikin 1987 sai an ba da kamar naira huɗu a sami dala, cikin 1990 kamar takwas, cikin 1993 kamar ashirin da biyu. Faifan da a da ya fi wasan gida araha ya ninka kuɗinsa sau da yawa. Dokar 1988 kuma ta sa hukumomi irin NTA su riƙa neman wani kashi na kuɗin gudanar da kansu, sai lokacin tasha ya koma hannun wanda zai biya: mai talla, da mai wa'azi, da gwamnati mai son a nuna ayyukanta. Mai sayar da sabulu ko dunƙulen miya uwar gida ya ke nema, ita kuwa ba wasan kumbo ta ke jira ba.

Na uku, doka. Cikin 1992 aka kafa hukumar kula da gidajen watsa labarai ta ƙasa, aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, aka kuma shar'anta cewa wani kashi na shirye-shirye ya zama na gida. Niyyar mai kyau ce, amma ba a haɗa ta da kuɗin shirya wasa mai tsada ba, saboda haka aka cika gurbin da hira da kiɗa da labarai.

Na huɗu, abokan hamayya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirga finafinan Indiya fiye da dubu ɗaya da tashar NTA Kano ta nuna tsakanin 1977 da 2003. Su ma ba da Hausa su ke ba, amma auren dole da biyayyar iyaye da kishi ba sa bukatar mai fassara. Cikin 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kan kaset na bidiyo, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta kankama. Wannan ita ce shekarun da akwati da bidiyo da ƙaramin janareta suka fara yawaita a garuruwan karkara, mai shayi da mai shago suna kunnawa don jawo ciniki. Watau mutumin Tsanyawa ya mallaki akwatin ne a daidai lokacin da ya daina dogara ga abin da tasha ta ga dama ta nuna masa. Ya sayi kaset ɗin da ya ke so, na soyayya ko na barkwanci ko na wa'azi. Mai shirya fim kuwa, da ɗan jarinsa da kyamara guda, falo da lambu ya ke iya haya, kumbo ya fi ƙarfinsa.

Na biyar ya fi wuyar aunawa, ko da ya ke ba ya ɓuya. Almarar kimiyya tana tsiro ne inda mutane suka gaskata cewa gobe za ta fi yau, na'ura kuma ita za ta kawo haka. Cikin 1962 wannan zato yana da ƙarfi a Arewa. Cikin 1990, sa'ad da wuta ke ɗaukewa a tsakiyar labarai, famfo ya ƙafe, masaƙun Kaduna da Kano suna rage ma'aikata, labarin birnin da na'ura ke yi wa kome ya yi nisa da abin da ido ke gani.

A ƙarƙashin waɗannan dalilai biyar akwai guda wanda ya haɗa su. Zanen aro ba ya rufe katara. Wasan barkwanci da na zaman iyali sun sha irin wannan matsi na kuɗi, amma da tashoshi suka gaza sai suka koma kaset suka rayu, domin suna da marubuta da 'yan wasa da masu kallo na gida. Almarar kimiyya ba ta da ko ɗaya a talabijin. Tashar Kaduna ta mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo cikin shekarun 1980, abin da ya nuna cewa ma'aikatanta suna iya sarrafa labarin al'ajabi da kayan da ke hannunsu. Littafin Umaru Dembo bai sami irin wannan gata ba, bai kuma sami magada da yawa a rubuce ba.

Abin da ya biyo baya

Cikin watan Satumba 2003 aka harba tauraron ɗan Adam na farko mallakar Nijeriya daga ƙasar Rasha. Ran 29 ga Maris 2006 aka yi husufin rana cikakke wanda ya duhunta Gusau da Katsina da hantsi, maƙwabtan ƙasar Tsanyawa. Abubuwan da wasannin da suka ɓace ke ba da labarinsu sun zo har ƙofar gida, amma yaran da suka gan su ba su tashi da wani wasa da harshensu wanda zai sa su tambayi yadda abin ya ke ba.

Duk da haka baƙon ya sake leƙowa ta wata ƙofa. Masu shirya fim a Indiya sun yi nasu labarun, kamar Koi Mil Gaya na 2003, labarin yaro da wata halitta daga sama, da Enthiran na 2010, labarin mutum-mutumin ƙarfe. Cikin shekarun 2010 kuma sana'ar fassara finafinan waje da Hausa ta bunƙasa a Kano, ana tura su cikin wayar hannu a shagunan caji har ƙauyuka. Mai fassarar majigi ya dawo ke nan bayan shekara hamsin, ya koma cikin waya. Karɓuwar da sana'arsa ta samu shaida ce cewa harshe ne ya tsaya tsakanin mutumin karkara da faifan waje tun da fari. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe cikin 2014, ta nuna da wasan Daɗin Kowa cewa dogon wasan Hausa yana iya tara jama'a a talabijin kamar zamanin Samanja.

Abu biyu ke nan a gaban masu nazari da malaman kwalejojin horon malamai. Na farko ajiya. In BBC da dukan dukiyarta ta yi asarar kashi fiye da ɗari na wasa ɗaya, to, kaset ɗin Kuliya da Karkuzu da Idon Matambayi, waɗanda aka ɗauka a lokacin da tsadar kaset ke sa a shafe tsohon shiri a ɗora sabo, sun fi shiga haɗari, ba kuwa wani kwafi nasu a wata ƙasa da za a je a tarar. Abin da ya rage a ma'ajiyoyin Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato ya cancanci a ƙirga shi a kwafe shi, tare da littattafan jerin shirye-shirye, domin da su ne za a san abin da aka nuna da ranar da aka nuna shi.

Na biyu aji. Malamin da aka horar a kwalejin Bichi aka tura shi makarantar firamare a Dumbulum ko Gurun zai tarar da yara waɗanda kakanninsu suka san sunayen taurari, hannunsu kuma yana riƙe da wayar hannu. Labari shi ne gadar da ta fi sauƙin ginawa tsakanin waɗannan biyu, ba ya kuwa bukatar dala ko janareta. Tauraruwa Mai Wutsiya yana nan tun 1969, ana iya karanta shi a aji, a mai da shi wasan makaranta ko na rediyo, a kuma sa ɗalibai su rubuta nasu, da Hausar garinsu, game da rijiyar da ba ta ƙafewa ko irin geron da fari ba ya kashewa.